Malami ɗaya, aji uku, ɗaki ɗaya: yadda za ka tafiyar da darasin yini

Ranar da na kama aiki a makarantar ƙauyen da aka fara tura ni, ɗakuna biyu na tarar da malamai biyu, ni da hedimasta. Shi ya ɗauki aji huɗu zuwa shida, ya bar mini ɗaya zuwa uku. Yara talatin da 'yan kai ne, ƙaraminsu bai cika shekara shida ba, babbarsu kuwa ta kusa sha biyu. A kwaleji an horar da mu ne kan aji ɗaya da darasi ɗaya, don haka na yi abin da na sani: in tsaya gaban allo in koyar da 'yan aji ɗaya, in gama in juya ga 'yan aji biyu, sannan uku. Kafin makon ya ƙare muryata ta dushe. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga kowane yaro kashi ɗaya cikin uku na yinin yake karatu, sauran kashi biyun kuwa tsokana ne da gyangyaɗi da "Malam, ka ga wane ya ɗauke mini fensir."

Abin da ya buɗe mini ido yana zauren gidan da aka sauke ni. Makarantar allo ce, almajiranta sun ninka yarana, daga kolo zuwa titibiri har gardi, malaminsu ɗaya, amma ba ka ganin wanda ke zaune hannu rabbana. Kowa da allonsa, kowa ya san inda ya tsaya jiya. Malam na biya wa wannan, gardi na sauraron wancan, sauran suna ta nanata nasu. Ba duk abin da ake yi a can ne zai dace da boko ba, tunda mu muna son yaro ya warware lissafin da bai taɓa gani ba, amma tsarin zaman shi ne ainihin abin da nake nema. A aji mai haɗe da manya da ƙanana, rukunin da kake tare da shi ba shi ne matsalarka ba. Matsalarka ita ce me sauran ke yi a lokacin da ka ba su baya. Duk matakan da ke ƙasa amsar wannan tambayar ce.

Kuma kada ka ɗauka wani abin kunya ne ya same ka. Makarantun 'ya'yan makiyaya da yawa, waɗanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1989, haka suke tafiya. A ƙauyukan Kolombiya ma, tun 1975 aka gina wani tsari sukutum mai suna Escuela Nueva a kan irin wannan aji, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Zan yi magana da "ka", amma malama, da ke ma nake.

Mataki na 1: Gwada kowane yaro shi kaɗai

Rajista za ta gaya maka ajin da yaro yake, ba za ta gaya maka abin da ya iya ba. Ka ba da kwana biyu ko uku na farkon zango ga wannan aiki, ba asara ba ce.

Ka samu kwali ka rubuta abu huɗu da manyan baƙaƙe: haruffa goma a warwatse, kalmomi goma masu sauƙi irin su rana, gida, tuwo, akuya, sai jimloli huɗu gajeru, sai ɗan labari mai layi bakwai ko takwas. Ka kira yaro gefe, ka fara masa da jimlolin. In ya karanta ba tare da tuntuɓe ba, ka haura da shi labari, ka yi masa tambaya biyu a kai. In ya kasa, ka sauko kalmomi, in nan ma ya kasa, haruffa. Minti uku zuwa biyar ya isa. A lissafi ma haka: ya gane lambobi 1 zuwa 9? Ya gane 10 zuwa 99? Zai iya ɗebe 17 daga 32? Zai iya raba 24 gida 3?

Wannan hanyar gwaji ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma an yi aiki da ita a Kano a shirin koyar da karatu da lissafi mai suna KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Ba ta buƙatar komai sai kwali da haƙuri. Abu ɗaya: kada ka yi gwajin a gaban sauran yara, kuma kada ka kira shi jarrabawa. Ka ce, "Zo ka taya ni duba wannan." Yarinyar nan 'yar sha biyu da na ambata, a matakin haruffa na same ta, kuma da a gaban ƙannenta aka gano haka, ina da yaƙinin ba za ta dawo washegari ba.

Mataki na 2: Raba su rukuni uku, kada ka wuce uku

Na farko, waɗanda ba su san haruffa ba ko suke kan koyonsu. Na biyu, masu haɗa gaɓa su karanta kalma. Na uku, masu karanta jimla da labari. Nan gaba zan riƙa kiran rukunonin nan ƙanana, 'yan tsakiya da manya. Rukunin lissafi daban ne da na karatu, domin za ka samu yaron da bai iya karanta "akuya" ba amma yana ba da canjin naira ɗari biyar ba kuskure, saboda kullum yana talla.

Ka sa wa rukunonin suna da ba ya nuna fifiko. Ni na yi amfani da Kuka, Tsamiya da Ɗorawa. Kada ka ce Zaki da Kunkuru, yara ba wawaye ba ne. Kuma ka bar ƙofa a buɗe: duk wanda ya ƙware, ko a tsakiyar zango ne, ya matsa gaba.

Mataki na 3: Gyara ɗakin

Benci a jere duk suna kallon allo ɗaya ba zai yi maka ba. Ka raba ɗakin kusurwa uku yadda rukunoni ba za su fuskanci juna ba. Ƙanana su zauna a tabarma kusa da ƙofa, don su ne masu yawan fita fitsari. Idan allo ɗaya gare ka, ka ja layi ka raba shi uku, amma ya fi kyau ka sa a shafe wani sashe na bango da siminti a yi masa baƙin fenti, ƙasa-ƙasa daidai tsayin yaro, yadda yara biyar za su iya tsayawa su yi rubutu a lokaci guda. Wannan ƙaramin aiki ne da kwamitin kula da makaranta zai iya yi in ka kai musu da lissafin kuɗinsa a rubuce. In akwai bishiya mai inuwa da kake hango ta ta taga, ita ce kusurwarka ta huɗu.

Mataki na 4: Tara kayan aiki kafin ka buƙace su

Kowane rukuni ya kasance da kwalinsa na taliya ko na sabulu, da sunansa a jiki. Abin da ke ciki ba na saye ba ne: murafun kwalba, ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya da zaren ɗaure su, katunan haruffa da na gaɓoɓi da ka yanka daga kwali, katunan lambobi, guntayen alli, da labarai gajeru da ka rubuta da hannunka, kowanne a kwali ɗaya da tambayoyi uku a bayansa. Ka ce wa yara kowa ya kawo murafu goma, kafin Juma'a za ka rasa inda za ka zuba su. Katunan labari su ne masu cin lokaci. Ka riƙa rubuta biyu duk mako, kafin shekara ta zagayo kana da ɗan laburare.

Mataki na 5: Tsara yinin

Ga yadda nawa ya kasance. Ka daidaita shi da lokacin shiga da tashi na jiharku.

8:00 zuwa 8:20, zaman kowa da kowa. Gaisuwa, kiran suna, ranar mako da kwanan wata, sannan tatsuniya ko kacici-kacici. Da ka ce "Ga ta nan ga ta nanku", ɗan shida da 'yar sha biyu duk za su amsa "Ta zo mu ji ta." Daga labarin nan za ka ciro aikin karatun ranar.

8:20 zuwa 9:20, karatun Hausa, zagaye uku na minti 20. Kana tare da rukuni ɗaya, biyun suna aikin da ka bar musu.

9:20 zuwa 9:30, waƙa da motsa jiki a waje.

9:30 zuwa 10:30, lissafi, shi ma zagaye uku.

10:30 zuwa 11:00, tashin tara.

11:00 zuwa 11:40, Turanci. 11:40 zuwa 12:20, darasin haɗaka: kimiyya, zamantakewa, addini ko zane, ana juya su a mako. Bayan nan ƙanana su fita wasa a inda kake ganinsu, ka samu rabin awa da manya su kaɗai.

Abubuwa biyu game da zagayen. Ka fara da ƙanana koyaushe, domin su ne ba za su iya fara aiki ba sai an nuna musu, kuma hankalinsu ya fi tsayawa da safe. Sannan ka rubuta aikin sauran rukunonin a allo tun kafin yara su shigo. In ka bari sai an zauna kana rubutawa, minti biyar na farko sun tafi, kuma hayaniyar da ta tashi a cikinsu ba ta kwanciya da sauƙi. Alamar sauya zagaye ta zama ɗaya tak kullum. Tawa bugun gwangwani sau biyu ce.

Mataki na 6: Aikin da yara za su yi ba tare da kai ba

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka cika allo da rubutu ka ce su kwafa. Za su yi shiru, gaskiya ne. Amma yaron da bai san harafi ba yana iya kwafe shafi guda tsaf kamar mai zanen fure, ya tashi bai ƙaru da komai ba. Na yi wata biyu ina yaudarar kaina da litattafai cike da kyakkyawan rubutun da masu shi ba sa iya karantawa.

Aikin da zai riƙe yaro minti 20 sai ya cika sharuɗɗa uku. Ya zama abin da ka riga ka koyar, ba sabo ba. Ya zama hannu yana taɓa wani abu. Kuma ya zama akwai abin da za a nuna maka a ƙarshe.

Ga ƙanana: in yau harafin "m" ka koyar, su zana shi a ƙasa da yatsa, su jera shi da ƙwallon dabino, su tsamo duk katunan "m" daga cikin tarin haruffa, sannan kowa ya zana abu biyu da sunansu ya fara da shi, mota ko mage ko mangwaro. A lissafi, ka ba su katunan 1 zuwa 9 su ɗora wa kowanne murafu daidai adadinsa, abokin zama ya ƙirga ya tabbatar. Ƙanana ba sa kai minti 20 kan abu ɗaya, don haka ka ba su biyu a jere.

Ga 'yan tsakiya, babu kamar katunan gaɓoɓi. Ka ba kowane yara biyu gaɓoɓi takwas, misali ka, ma, ra, ta, na, ba, sa, da, ka ce su haɗa kalmomi iya yawan da za su iya, su rubuta a allon bango. Za su fito da kama, mata, rana, nama, sama, tasa, daka, bara, wani ma ya haɗa uku ya samu tabara ya zo yana tambaya ko kalma ce. Sharaɗin shi ne duk kalmar da suka rubuta sai sun iya sa ta a magana. Hausa ta yi mana gata a nan, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Inda yara ke tuntuɓe shi ne haruffa masu lanƙwasa, saboda haka ka yi musu katuna bibbiyu: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, daka da ɗaka, su ware, su yi jimla da kowace. Daga baya sai sh, ts, ky, gw da 'y.

A lissafi, tsinke ne maganin "aro". Yara su ɗaure tsinke goma-goma. Don ɗebe 17 daga 32, yaro ya ajiye ɗauri 3 da tsinke 2. Ba zai iya cire 7 daga 2 ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya, tsinkensa su zama 12, ya cire 7 saura 5, ya cire ɗauri ɗaya daga biyun da suka rage, ya ga 15 a gabansa. Wanda ya kwance ɗauri da hannunsa sau ashirin ba zai sake tambayar daga ina ɗayan da aka aro ya fito ba.

Ga manya: kowa ya ɗauki katin labari, ya karanta a zuci, ya karanta wa abokinsa a bayyane, su amsa tambayoyin bayan katin a rubuce. Wata rana su rubuta tatsuniyar safe da kalmominsu, ko su sauya mata ƙarshe, a ce wannan karon Gizo ne aka yi wa wayo. Mafi kyawun abin da suka rubuta ka gyara shi, su kwafe a kwali da kyau, ya shiga akwatin 'yan tsakiya. Yaro ya ga ana karanta labarin da ya rubuta, ba ka buƙatar sake roƙonsa ya yi rubutu. A lissafi kuma ka buɗe musu kanti: kwalayen ashana da ledar omo da gwangwanin madara da babu komai ciki, da kuɗin kwali na 10, 20, 50, 100 da 200. Ɗaya mai kanti, sauran masu saye, amma kowane ciniki sai an rubuta shi, abin da aka saya, jimilla, abin da aka bayar, da canji.

Ka kafa doka tun ranar farko: ba a tasowa wurin Malam yana tare da wani rukuni. Mai tambaya ya tambayi na kusa da shi, sannan monitan rukuni. In duk sun rasa, ya wuce zuwa aiki na gaba, ya ajiye murfin kwalba a kan littafinsa, da ka zo za ka san inda za ka fara. Kuma a kowane akwati a samu abin da wanda ya riga kowa gamawa zai yi, ko da dara ce a gefen tabarma. Wanda ya gama ya rasa abin yi shi ne mai tayar da rigima.

Kada ka sa ran wannan zai tafi daidai a makon farko. Ka koyar da tsarin kansa kamar darasi: yadda ake ɗauko akwati, yadda ake mayarwa, yadda ake magana ƙasa-ƙasa. Ka fara da zagayen minti 10, ka riƙa ƙarawa.

Mataki na 7: Manya su taimaki ƙanana, amma da iyaka

Sau biyu ko uku a mako, minti 15, ka haɗa babba ɗaya da ƙarami ɗaya ko biyu, babban ya karanta musu kati ko ya saurari ƙirgarsu. Babban ma yana ƙaruwa, don wanda ya bayyana abu ya fi riƙe shi. Sai dai ka nuna musu yadda ake yi, in ba haka ba za su yi abin da suka ga ana yi: tsawa da ranƙwashi. Ni nakan ce, "Kai Yayansa ne, ba malaminsa ba. In ya yi kuskure kada ka gaya masa amsa, ka ce ya sake dubawa." Ba monita da bulala a ajina, kuma muƙamin yana zagayawa duk mako, mata da maza. Ka kiyaye kada ka mayar da yarinya mai ƙoƙari mataimakiyarka ta dindindin. Iyayenta karatu suka turo ta yi, kuma tana da nata raino a gida.

Idan akwai yaran da Fulatanci ko wani harshe suke yi a gida, ka zaunar da su kusa da wanda ke jin harsunan biyu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yi tanadin a fara wa yaro karatu da harshen uwa ko na yankin da yake, kuma duk wanda ya tsaya gaban 'yan aji ɗaya a ƙauye ya san dalili.

Mataki na 8: Darasi ɗaya, aiki hawa uku

Bayan tara rana ta yi zafi, kai ma ka gaji, kada ka ce za ka yi zagaye. Ka ɗauki batu ɗaya ga kowa, ka bambanta abin da za su yi da shi. A shuka wake a gwangwanayen tumatir, ɗaya a taga ana ba shi ruwa, ɗaya ba ruwa, ɗaya a kife shi da kwali. Ƙanana su ba da ruwa su zana abin da suka gani. 'Yan tsakiya su rubuta sunayen sassan: saiwa, kara, ganye. Manya su auna tsayi da rula duk bayan kwana biyu, su rubuta a jadawali, su faɗi dalilin da na cikin duhu ya yi tsawo amma ya ɗashe ya yi laushi. Haka za ka yi da inuwar sanda da ake aunawa ƙarfe 8 da 10 da 12, ko taswirar ƙauye daga masallaci zuwa rijiya, ko wanke hannu. Turanci ma yana karɓar wannan: kowa ya koyi kalmomi biyar da baki ta hanyar waƙa ko umarni, ƙanana su tsaya nan, 'yan tsakiya su haɗa kalma da hoto, manya su rubuta jimla.

Mataki na 9: Rubutun shiri da masu duba makarantu

Ba za ka iya rubuta cikakken shirin darasi uku ga kowane fanni kullum ba, wanda ya ce yana yi bai faɗi gaskiya ba. Ka ja shafi gida uku a tsaye, kowane rukuni da gidansa, layuka kuma su zama zagayen, ka sa alama inda kake a kowane zagaye. A farkon zango ka shimfiɗa manhajar azuzuwan uku gefe da gefe, ka ja layi tsakanin batutuwan da suka yi kama, su ne darussanka na haɗaka. Jami'in da ya zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai iya tambayar me ya sa ɗan aji uku ke zaune da 'yan aji ɗaya. Kada ka yi gardama, ka miƙa masa takardar gwajin farkon zango da ta yanzu.

Mataki na 10: Juma'a, da waɗanda suka yi fashi

Juma'a yini ne gajere, kada ka kawo sabon abu. Ka bar rukunoni da wasannin da suka fi so cikin na makon, kai kuma ka kira yara shida ko bakwai ɗaya bayan ɗaya ka saurari karatunsu. A haka cikin mako biyar ka zagaye ajin. A bayan rajista ka buɗe shafi, kowane yaro da layinsa, ka rubuta inda ya tsaya da kwanan wata: "ya san haruffa 14", "tana haɗa gaɓa biyu", "aro bai zauna ba".

Wannan shafin ne zai cece ka da damina. Lokacin shuka da noman farko da girbi, da kuma ranar kasuwa, ajin zai rame, wasu su ɓace mako biyu ko uku. In yaro ya dawo, kada ka jefa shi inda 'yan rukuninsa suka kai. Ka duba layinsa, ka ba shi katin da ya bari, ka haɗa shi da wanda zai taya shi kwana biyu. Ranar kasuwa kuma ka sa ta zama ranar bita tun a jadawali, sabon harafi ko sabon lissafi ka ajiye shi sai washegari da tabarma za ta cika.